Gidan sinukar Kawu: na je da sandar dubu 45, ya miƙo mini kwalbar lemo

Ni tela ne, shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura a cikin Katsina, kuma shekara shida ke nan ina buga sinuka bayan sallar Isha'i idan na rufe shago. Abin da zan rubuta a kai shi ne wani gidan sinuka da na yi wata uku ina zuwa koyo a cikinsa, daga bayan Babbar Sallah, lokacin da ɗinki ke ja da baya. Mai wurin dattijo ne, kowa Kawu yake ce masa, babba da yaro. Ya taɓa aiki a masaƙa a Kaduna kafin masaƙun su durƙushe, can ya koyi wasan a kulob ɗin ma'aikata. Teburi uku gare shi a wani dogon ɗaki mai rufin kwano. Gem ɗaya naira 200 ne, koyarwa kuma naira 1,500 awa guda, da hantsi kafin Azahar, lokacin da ba kowa.

Abin da ya kai ni wurinsa haushi ne. Akwai wani abokina mai gyaran waya da ya daɗe yana cinye ni, cikin gem goma da ƙyar in ci uku. Na sa wa raina cewa sandunan gidajen wasa ne matsalata, tunda yawancinsu a karkace suke, bakinsu ya cinye. Da kuɗin ɗinkin Sallah suka shigo sai na yi odar sanda daga wani mai sayarwa a intanet, mai haɗi biyu, da jakarta, naira dubu 45 har kuɗin mota. Sati biyu ina wasa da ita, lissafi bai canza ba. Wani yaron shagona ne ya ce, "Oga, ka je wurin Kawu mana, shi yana koyarwa."

Ranar farko na shiga da jakata a kafaɗa. Bayan mun gaisa na zaro sandar na ɗaura, na miƙa masa. Ya kwantar da ita a kan tebur ya mirgina ta da tafin hannu, yana kallon bakinta ko zai yi tsalle. Bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, sandarka lafiyarta ƙalau, ba a cuce ka ba. Jingine ta can." Ya ɗauko wata tsohuwa daga cikin na gida, wadda zufar hannu ta mayar da gindinta baƙi, ya ba ni. Sannan ya ɗauki ƙwallo mai zane, lamba 11, ya ajiye a tsakiyar faɗin tebur ta ɓangaren da ake fasawa, ya daidaita zanen yana tsaye. Ya ce in buga ta miƙe zuwa robar can ƙarshe, in bar sandata a inda ta tsaya, ƙwallon ta dawo ta taɓa bakin sandar. Ba rami, ba wata ƙwallo, wannan kawai.

Na buga goma, biyu suka dawo. Sauran wasu sun wuce ta dama da kusan faɗin yatsa uku, kuma tun daga tafiyarsu kana ganin zanen yana rawa kamar tayar keken da ta lanƙwashe. Ya ce to ɗauko taka. Na ɗauko ta dubu 45, na buga goma, biyu suka dawo. Shi kuma ya karɓi tsohuwar ya buga goma, tara suka dawo suka sumbaci bakin sanda, zanen yana tafiya tsaye kamar an ja layi da alli. Bai ce mini komai a kai ba. Ya ce kawai, "Ka ga inda aikinmu yake."

Bayanin da ya yi mini daga baya shi ne, idan bakin sanda ya sauka ko da kaɗan ne a gefen tsakiyar ƙwallo, to ta ɗauki juyi ke nan, kuma roba ba ta ɓoye juyi, da ta taɓa sai ta karkatar da ita. Ni a zatona tsakiya nake bugu. Ashe shekara shida ina bugun dama da tsakiya ban sani ba, idona kuma ya saba yana ramawa ta hanyar karkata saiti. Shi ya sa ƙwallon kusa take shiga, ta nesa kuma sai addu'a.

Daga nan sai kwalba. Ya ɗauko kwalbar lemo da babu komai ciki, ya kwantar da ita a kan tebur bakinta yana kallona. Aikina in tsaya kamar zan yi bugu, in riƙa tura bakin sanda cikin bakin kwalbar ina fitarwa, kada ya taɓa gilashi. Da jin magana ka ce wasan yara ne. Turawa ta uku na ji ƙwas. Ta biyar ƙwas. Da na ƙara sauri kamar bugun gaske sai kwalbar ta mirgina gefe. Awa ɗayan da na biya, rabinta a kan kwalbar nan ta tafi, kuma ba na ɓoyewa, na fita ranar raina a ɓace, ina ganin an karɓi kuɗina an ba ni kwalba. Sai da na koma shago na zauna a kan keke ina ɗinke wuyan wata riga, sai na tuna yadda nake yi wa yaran da ake kawo mini koyo. Wata guda cur ba na ba su yadi. Takarda nake ba su mai layi, su bi layin da allura ba zare, har ƙafa ta san feda, hannu ya daina jan takarda. Tsohuwar Butterfly ɗin da na gada ita suke koyo da ita, kuma duk wanda layinsa bai miƙe a kanta ba, ko ka ɗora shi kan keken lantarki karkataccen ɗinki zai yi maka, sai dai ya yi shi da sauri. Washegari na nemo kwalba na ajiye a kan teburin yanka.

Inda Kawu ya fi burge ni shi ne yadda yake ganin jiki. A zuwa na biyu ya karɓi wayata ya tsaya bayana ya ɗauki bidiyo ina bugu. Da ya nuna mini sai na ga abu uku da ban taɓa sanin ina yi ba. Gwiwar hannuna ta dama tana buɗewa waje kamar fiffiken kaza. Ina damƙe gindin sanda daidai lokacin bugu har jijiyar hannuna ta tashi. Kuma kaina yana ɗagowa tun sanda ba ta isa ƙwallo ba, saboda ɗokin ganin ko ta shiga. Ya gyara su ɗaya bayan ɗaya, bai haɗa mini su rana guda ba. Ƙafar dama a kan layin bugu, ta hagu gaba kaɗan a buɗe. Hannun hagu a shimfiɗe a kan kyalle, yatsu a ware, babban yatsa ya manne ya yi wa sanda mazauni, tazararsa da farar ƙwallo kamar taƙi ɗaya. Daga gwiwar hannun dama zuwa wuyan hannu ya rataya tsaye lokacin da bakin sanda ke dab da ƙwallo, kafaɗa ba ta motsi, wannan sashen kaɗai ke lilo. Game da riƙo kuwa, cewa ya yi, "Riƙe ta kamar ka ɗauko ɗan tsako. Kada ya faɗi, kada ka kashe shi." Sau da yawa yakan zo ta bayana ya fizgi gindin sandar ba zato, idan ba ta zame daga hannuna da sauƙi ba sai ya ce na kashe tsakon.

Ɗaga kan kuma da tafin hannunsa ya gyara shi. Yakan ajiye hannunsa sama da ƙeyata da kamar faɗin yatsa biyu, idan na ɗago sai in ji na taɓa. Dokarsa ita ce kada ka tashi sai ƙwallaye sun daina motsi ko sun nufo sandarka. Ya kuma sa ni in riƙa ɗan dakatawa idan na ja sanda baya a karo na ƙarshe, dakatawa kamar ta numfashi ɗaya, idona ya bar fara ya koma kan inda nake so ta sauka, sannan in tura, sandar ta wuce inda farar take da faɗin hannu. Ya ce fatar bakin sanda da ƙwallo haɗuwarsu ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, saboda haka duk murɗa wuyan hannun da samari ke yi wai suna tuƙa ƙwallo, ta riga ta tafi kafin su murɗa. Abin da murɗawar ke yi kawai shi ne ta fara tun kafin haɗuwar, ta ɓata layi.

A nan bari in ɗan ratse, domin wani abu da na koya a bakinsa ranar da wuta ta ɗauke muna jiran a tada janareta. Abin da muke kira sinuka a garin nan, yawancinsa ba sinuka ba ne a wurin masu wasan, pul suke ce masa. Namu ƙwallaye 15 ne da fara, 1 zuwa 7 masu cikakken launi, 9 zuwa 15 masu zane, baƙa lamba 8 ta ƙarshe. Sinuka ta ainihi, wadda ake gasar duniyarta a Sheffield ta Ingila, teburinta ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, ƙwallaye 22, jajaye 15 da masu launi shida da fara. Kawu ya buga irin wancan teburin a Kaduna, kuma ina jin daga can ya samo tsananinsa a kan miƙewar hannu, domin a tebur mai wannan tsawo da ƙananan ramuka, kuskuren da namu teburin ke yafewa can ba ya yafuwa. Shi ya ba ni labarin Stephen Hendry, ɗan Sikotland, wanda ya ci kofin duniya sau bakwai tsakanin 1990 da 1999 da sanda ɗaya tal, wadda aka saya masa fam 40 tun yana yaro. Sandar ta karye a cikin kayan jirgi a 2003, kuma rashinta ya dame shi ƙwarai, alhali yana da kuɗin sayen kowace sanda a duniya. Abin da na ɗauka a labarin shi ne, sabo ya rasa, domin hannunsa ya san nauyinta da yadda take amsawa. Ni kuwa cikin shekara shida ban taɓa yin sati ina wasa da sanda ɗaya ba sai da na sayi tawa.

Wata na biyu muka shiga sarrafa fara, kuma nan ne kuɗina suka fito. Ya fara da bugun tsayawa: fara da wata ƙwallo a miƙe da rami, ka buga ta shiga, farar ta tsaya cak a inda suka haɗu. Idan suna kusa, tsakiya kake bugu. Idan tazara ta ƙaru sai ka sauko ƙasa kaɗan ko ka ƙara ƙarfi, domin kyalle yana cin juyin baya a hanya, abin da ake so shi ne fara ta iso tana zamewa, ba ta mirgina gaba ba ta juya baya. Sai da na iya wannan daga taƙi ɗaya, biyu, har rabin tebur, sannan ya nuna mini amfaninsa. Idan fara ta iso tana zamewa ta bugi ƙwallo a gefe, to hanyoyinsu biyu suna rabuwa a kusurwar digiri 90, daidai kusurwar sikwayar kafinta. Ya buɗe babban yatsansa da manuni ya ɗora a sama da ƙwallon, manuni yana nuna rami, babban yatsa yana nuna inda fara za ta. Ya ce buga. Ta bi babban yatsan kamar an ɗaura mata zare. Idan kuma fara tana mirgina ne ta ci kusan rabin ƙwallon, karkatarta daga hanyarta kusan digiri 30 ce, kamar buɗewar manuni da ɗan tsakiya idan ka ware su. Da waɗannan yatsun kaɗai na daina jefa fara rami, abin da a da nake kira rashin sa'a, kuma na fara tunanin ƙwallo ta gaba kafin in buga ta yanzu.

Bugun gefe kuwa, wanda duk matashi ke so ya nuna ya iya, hana ni ya yi har ƙarshen wata ukun. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Idan ka bugi fara a dama, ba ta tafiya daidai inda sanda ke nuni, tana ɗan gocewa hagu, sannan idan bugun a hankali ne sai ta lanƙwaso ta dawo, ga shi kuma juyin yana ɗan jan ƙwallon da ta taɓa. Abu uku ke nan da sai ka lissafa. Wanda hannunsa bai miƙe ba, idan ya ɓata ba zai san wanne ne ya ci shi ba. Na tambaye shi game da baƙaƙen sandunan nan na kabon da muke gani a hannun ƙwararru a YouTube, irin Revo da kamfanin Predator ya fitar a 2016. Ya ce gaskiya ne suna rage gocewar saboda bakinsu ba nauyi, amma ragewa ce, ba kawarwa ba, kuma idan tsakiya ka buga babu gocewar da za a rage. "Kai da ba ka gama da tsakiya ba, ɗana, ina ruwanka da gefe?"

Kada a ɗauka cewa Kawu yana cewa kayan aiki banza ne. Abu biyu yake ɗauka da zafi, fatar bakin sanda da alli. Ya duba fatar sabuwar sandata ya ce ta daskare ta yi santsi, shi ya sa take zamewa idan na sauko ƙasa. Ya goge ta da samfefa, ya kewaye ta ta yi ɗan tudu kamar gefen kwabo, ya caccaka samanta don ta riƙe alli. Naira 500 ya karɓa, kuma a ranar na fara dawo da fara baya yadda nake so. Ya ce kafin wani Bafaranshe mai suna François Mingaud ya yaɗa liƙa fata a bakin sanda a farkon shekarun 1800, katako tsirara ake bugu da shi, ba mai iya juya ƙwallo yadda ake yi yanzu. Shi kuma allin, shafa shi ake yi a kan fata kamar mai shafa kwalli, ba a huda shi kamar mai haƙa rijiya. A wurinsa kowane tebur da allinsa a ɗaure da zare, kuma duk wanda ya ajiye alli fuskarsa a ƙasa ya ɓata katako zai ji magana.

Wurin yana da nasa aibu, kuma wanda zai je gara ya sani. Zafi ne na farko. Rufin kwano ne ba silin, fanka biyu kacal, daga ƙarfe goma sha ɗaya zufa take fara sauka, sanda ta riƙa kama fatar hannu. Teburin da ke kusa da ƙofa yana da gangare, ƙwallon da aka buga a hankali tana jan jiki zuwa ramin hagu, kuma kyallensa ya tsufa har ya yi fari a wurin fasawa. Na faɗa masa, ya ce ƙasan ɗakin ne ya zauna, yana tara kuɗin gyara, amma har na gama wata uku ba a taɓa shi ba, kuma kuɗin gem a kansa ɗaya ne da sauran, wanda a ganina bai dace ba. Teburin ciki kuma ya matsu da bango ta gefe ɗaya, sai ka ɗaga gindin sanda ko ka karɓi gajeriya. Na tsakiya ne mai kyau, dutse ne a ƙarƙashin kyallensa ba katako ba, kullum da safe Kawu yana share shi da buroshi ta fuska ɗaya, da dare ya lulluɓe shi saboda ƙura. A kansa yake koyarwa. Shi kansa Kawu ba mai yabo ba ne. Za ka yi bugu mai kyau ka waiwayo, ya ce "sake." Na ga wani ɗalibin jami'a ya zo sau biyu bai dawo ba, kuma na fahimce shi. Sannan ba ya duba agogo yadda ya kamata, wata rana awarka ta zama minti 45 saboda baƙo ya shigo, wata rana ta zama awa biyu bai ƙara ko sisi ba.

Abin da ya sa nake iya tura ƙanena wurin ba tare da fargaba ba shi ne tsarinsa. Ba a caca, ko ta lemo ce. Na ga ranar da ya ga wasu samari biyu suna miƙa wa juna kuɗi a ƙarƙashin tebur, ya tattara ƙwallayen ya mayar musu da naira 200 ɗinsu ya ce su tafi. Ba a shan taba a ciki. Yaro da kayan makaranta ba ya shiga. Da an kira salla yake kashe fitilar tebur ko gem ya kai kan baƙa. Mu da muke son wasan nan mun san irin kallon da iyaye ke yi wa gidajen sinuka a Katsina, kuma mun san ba a banza suke yi ba. Da za a samu irin Kawu goma a garin nan da kallon ya sauya.

Ya sa na sayi ƙaramin littafi ina rubuta lissafin gwajin ranar farko, goma kullum kafin in fara komai. Satin farko biyu ne, uku, biyu. Ƙarshen wata ɗaya ina kai biyar. Yanzu bakwai ko takwas, ran da na gaji da ɗinki shida. Duka abin da na biya shi a wata ukun naira dubu 36 ne, bai kai kuɗin sandar ba.

Daren Juma'ar da ta wuce muka haɗu da abokina mai gyaran waya a teburin tsakiya. A gem na ƙarshe saura mini lamba 14 da baƙa. Ta 14 tana kusa da ramin tsakiya a ɗan karkace, baƙa tana can ƙasa jikin roba. A da da ƙarfi zan buga in tsaya kallon inda Allah zai kai fara. Na buɗe yatsuna a sama da ƙwallon, babban yatsa ya nuna mini layin da ke gangarawa wajen baƙa. Na shafa alli, na sauka, na ja baya, na dakata, na tura. Ta 14 ta faɗa, fara ta bi layin ta taɓa roba sau ɗaya ta tsaya taƙi biyu daga baƙa, a miƙe da ramin kusurwa. Ban ɗago ba sai da ta tsaya. Mun tashi biyar da biyar a daren. Kawu yana zaune a kujerarsa bakin ƙofa da rediyonsa, da na zo biyan kuɗi ya ce gwiwar hannuna ta buɗe a gem na bakwai, in zo ranar Talata da hantsi, kuma in taho da sandata, za mu fara bugun gefe.